Kwanduna Uku, Mota Ɗaya

A ofishinmu na titin Ahmadu Bello an kawo kwandunan shara 3: na takarda, na roba, na ragowar abinci. Aka ce doka ce, muka bi. Baba mai shara, bawan Allah, kullum sai ya duƙa ya tsince ledojin fiyawata daga cikin takardu, har gorunan lemo yake ɗaurayewa. Ranar Alhamis motar kwasar shara ta zo, a kan idona yaran suka juye duka ukun wuri ɗaya, miyar kuka ta malale kan takardun. Wallahi raina ya ɓaci! Ai gara a kira 'yan gwangwan su auna roba da ƙarfe su ba Baba kuɗinsa, ƙarfen ya tafi Panteka a ƙera murhu.