Ba Ranar 'Yantar da Fursunoni Wahalar Ta Ƙare Ba

Mutane da dama sun ɗauka cewa da aka 'yantar da fursunonin sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi na Jamus a 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Yahudawan da suka tsira kowa ya kama hanyar gida. Ba haka aka yi ba. A sansanin Bergen-Belsen da ke Jamus kaɗai, fiye da mutum 10,000 sun mutu bayan isowar sojojin Birtaniya, domin yunwa da cuta sun riga sun ci jikinsu. Waɗanda suka koma Poland kuwa, da yawansu sun tarar an mamaye gidajensu, har aka kashe Yahudawa 42 a garin Kielce a 1946. Dubbai suka zauna a sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus, suka yi aure, suka haihu, suka buɗe makarantu, kuma ba a rufe na Föhrenwald ba sai 1957.