Ku daina zagin Elvis, ku nemo masu takarda

Duk sanda aka saka hoton Elvis Presley a nan sai wani ya faɗo a ƙasa yana cewa ɓarawo ne, ya sace kiɗan baƙaƙen fatar Amurka aka naɗa shi sarkin rock and roll. Ni dai maganar nan ta ishe ni wallahi, an bar jaki ana dukan taiki.

Eh, ba shi ya ƙirƙiro kiɗan ba, wannan ko gardama babu. Lokacin da ya shiga situdiyon Sun a Memphis a 1954 yaro ne ɗan shekara 19 mai tuƙa motar kamfani, alhali Fats Domino ya naɗi The Fat Man tun 1949 a New Orleans, ga kuma Sister Rosetta Tharpe mai waƙoƙin coci da ke kaɗa jita mai lantarki tun shekarun 1940, matar da ta rasu a 1973 kabarinta a Philadelphia ya haura shekara 30 ko alama babu a kansa. Hound Dog ɗin da kowa ke jingina wa Elvis ma Big Mama Thornton ce ta fara fitar da ita a 1953, ta yi sati 7 tana kan gaba a jerin waƙoƙin R&B, wato salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kuma da bakinta ta ce dala 500 kacal ta shigo hannunta.

To amma waye ya cinye sauran? Nan ne masu zagin ba sa son tsayawa, don sunayen ba su da daɗin zagi kamar na Elvis. Little Richard ya sayar da haƙƙin Tutti Frutti a kan dala 50, sannan kamfanin Specialty na ba shi rabin santi a kowane faifai, rabin santi fa jama'a, ga gidajen rediyon fararen fata ba sa son saka muryarsa sai aka kawo Pat Boone, mawaƙi farar fata, ya sake rera ta salo-salo ba ihu ba zufa, kuma tasa ta wuce ta mai ita a jerin waƙoƙin pop. Chuck Berry shi kuma ya rubuta Maybellene a 1955, faifai na fitowa daga kamfanin Chess na Chicago sai ya ga sunayen mutum biyu kusa da nasa a matsayin marubuta, ɗaya Alan Freed ne mai gabatar da shiri a rediyo, an saka shi ne kawai don ya riƙa kunna waƙar yana samun kasonsa. Sai 1986 Berry ya dawo da abinsa gaba ɗaya. A duk waɗannan ina hannun Elvis? Aikin masu kamfani ne da lauyoyinsu da ƴan rediyo, mutanen da ko hotonsu yawancinku ba ku taɓa gani ba.

Shi kansa Elvis bai taɓa ɓoyewa ba, a 1957 ya gaya wa mujallar Jet cewa kiɗan nan na nan tun kafin zuwansa, a 1969 kuma a Las Vegas ya nuna Fats Domino ya ce ga sarkin na gaskiya. Manajansa Kanar Tom Parker ma shi ya tatsa, har ta kai yana ɗaukar rabin kuɗin wasu harkokinsa.

Inda ba zan wanke Elvis ba guda biyu ne. An liƙa sunansa a kan Don't Be Cruel alhali Otis Blackwell ne ya rubuta, kuma ya yi shiru. Sai Arthur Crudup mai That's All Right, waƙar da ta fito da Elvis ɗin duniya, mutumin ya koma aikin gona a Virginia yana bin haƙƙinsa har ya rasu a 1974 bai same shi cikakke ba, lokacin kuwa Elvis na da rai kuma kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya girgiza masu riƙe da takardun. In za ku zage shi, to a kan wannan ku zage shi.