Kayan miyarmu ɗaya da Indiya, darajar da muke ba su ce ta bambanta

Yawancin mutanenmu sun san Indiya ne ta ƙofa biyu, fim da asibiti. Wanda bai taɓa zuwa ba yana ganin ƙasa ce ta rawa da waƙa a cikin furanni. Wanda ya kawo mara lafiya kuwa, saninsa bai wuce layin ganin likita da ɗakin haya na bayan asibiti ba. Ni karatu ne ya kawo ni Haidarabad, babban birnin jihar Telangana, kuma zaman haya a tsakiyar masu iyali ya sa na ga abin da fim ba ya nunawa: madafinsu, tashar jirginsu, da yadda suke tarbar ranar biki. Ra'ayina dai shi ne mutanen nan ba su fi mu abin sawa a tukunya ba. Inda suka yi mana nisa shi ne ba sa jin kunyar abincin gidansu, duk inda za su da shi suke tafiya.

Ka shiga kasuwar kayan miya a nan, in ba don yaren da ke tashi ba sai ka ce 'Yankaba kake. Ga kuɓewa, ga tsamiya, ga kabewa, ga alayyahu, ga riɗi da gyaɗa a buhu. Yakuwar nan da muke jefawa a miyar taushe ba tare da ko kallonta ba, su gongura suke ce mata, kuma ita ce abin alfaharin masu yaren Telugu. Suna dafa ta da naman akuya, suna markaɗa ta da barkono a ci da shinkafa, kuma za ka gan ta a jerin abincin manyan otal da farashinta a gefe. Zogale ma suna ci, sai dai sun fi damuwa da dogayen 'ya'yansa, waɗanda suke yankawa cikin miyar da suke kira sambar. Da yamma za ka ga mata a bakin titi suna faɗaɗa gurasar dawa da tafin hannu suna gasawa a kan kasko, masu motoci na tsayawa suna saye, musamman waɗanda likita ya ce su rage shinkafa saboda ciwon suga. Tamba, wadda yaran birni a wurinmu ba su ma san kamanninta ba, da ita ake dama wa jarirai kunu a kudancin ƙasar nan. Indiya ce ta kai maganar gero da dawa gaban Majalisar Ɗinkin Duniya har aka ware shekarar 2023 domin su. Najeriya da Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noma gero a duniya, amma wani ne ya riga mu ɗaukar tutar.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne masa. Wata dattijuwa da muke hawa ɗaya da ita tana jiƙa shinkafa da wani farin wake ƙanana, ta markaɗa, ta rufe ƙullun ya kwana ya tashi. Da safe ta ɗora tanda mai gurabu, ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da yankakkiyar albasa da koren barkono, ta riƙa juyawa da tsinke. Ponganalu suke ce masa. Na ce mata, "Anti, wannan ai abincin garinmu ne, har tandar irin tamu ce." Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ɗana, kakata ce ta koya mini, ina ta san Afirka?" Da ƙullu irin wannan ake yin idli da dosa, waɗanda miliyoyin mutane ke karyawa da su kowace safiya, daga mai gadi har shugaban kamfani.

Tun da asuba benen da nake ke ɗaukar fito. Kowane gida akwai tukunyar ƙarfe mai kulle tururi, kuma mata a nan da yawan fiton tukunya suke auna girki: fito uku wake ya nuna, biyu shinkafa ta yi. Kafin ƙarfe takwas an jera abinci a kwanukan silba masu hawa-hawa, mai gida ya rataya nasa, yara su saka nasu a jaka. Injiniyan da ke ɗaukar albashi mai tsoka zai buɗe kwanonsa a ofis ya ci shinkafa da kindirmo da hannu, ba wanda zai ɗaga kai ya kalle shi. A Mumbai har sana'a ce ta musamman. Tun wajen 1890 akwai masu kai abinci da ake kira dabbawala, da a da yawansu ya kai kusan mutum 5,000, waɗanda ke karɓar kwano daga gida su bi da shi ta keke da jirgin ƙasa har teburin mai shi, su kuma mayar da kwanon gida bayan an ci.

To a wurinmu fa? Ma'aikaci nawa ne a Kano ko Kaduna zai buɗe kular tuwo da miyar kuka a ofis ba tare da ya fara rufe ƙofa ba? Ka je ɗaurin aure ko walima, soyayyar shinkafa ce da naman kaza da lemon kwalba, tuwo sai a can cikin gida wajen tsofaffi. Dambu, fate, ɗanwake, burabusko, duk mun jingina su da rashin kuɗi, alhali a ɓoye kowa na marmarinsu. Fura da kilishi ne kawai suka tsira, su ma sai da aka zuba su a roba mai tambari kafin 'yan boko suka yarda su riƙe su a fili.

Sai lokacin zafi, wajen Afrilu da Mayu, in ɗanyen mangwaro ya cika kasuwa. Iyalai kan saye shi da yawa, a sassara da ƙwallonsa, a cakuɗa da gishiri da garin barkono da garin mustad da man riɗi, a danna a cikin tulun tangaran. Avakaya ke nan, kuma tulu ɗaya kan kai gida har zagayowar shekara. Ɗalibin da zai tafi Amurka ma sai uwarsa ta cusa masa kwalba a akwati. Mu ma mun iya adana abinci, ga busasshiyar kuɓewa, ga kauɗar tumatir, ga daddawa. Amma mangwaronmu a gindin bishiya yake ruɓewa kowace shekara.

Kada a ce na mance da wanda ke biyan kuɗin wannan daraja. Mace ce. Gurasarsu ba ta kwana, ko wace cima sai an murza sabuwa, kuma matar da ke murzawar sau da yawa ita ma ma'aikaciyar banki ce ko malamar makaranta da za ta fita tare da mijin. Surukar gida kuwa da girki ake auna ta. Mazan, in ka cire ƙalilan, shayi ma sai an dafa musu. A nan kam ba su da abin da za su koya mana, jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Akwai kuma inda ba zan taɓa musanya namu da nasu ba. Abinci a Indiya yana da katanga. Kowane ƙunshin abinci a kanti yana ɗauke da alama, kore in babu nama, ruwan ƙasa in akwai. Wannan tsari ne mai kyau, har ni yana taimaka mini. Amma katangar ba ta tsaya a kanti ba. Akwai masu gidan haya da tambayarsu ta farko ita ce ko kana cin nama, in ka ce e, magana ta ƙare, balle a ce ga ka baƙar fata daga Afirka. Akwai gidajen da mai aiki ke da kofinta daban da ba ya haɗuwa da na masu gida. Duk ranar da na ga haka sai in tuna zauren gidanmu, inda tire ɗaya ke ɗaukar hannun mai gida da direbansa da baƙon da ba a ma tambayi sunansa ba. Bismillar da Bahaushe ke yi wa mai wucewa, da ciyayyar da ke yawo tsakanin maƙwabta da magariba, ban ga kamarsu a nan ba, sai dai a tsohon gari lokacin buɗa-baki, ko a wuraren ibadar mabiya Sikh inda kowa ke zama a ƙasa a ci kyauta.

Batun tafiya kuwa, jirgin ƙasa ne sirrinsu. Tun 1853 jirgin fasinja ya fara aiki tsakanin Bombay, wato Mumbai ta yanzu, da Thane, yanzu kuma wajen mutum miliyan 20 ke hawa kowace rana. Ana buɗe sayar da tikiti wata biyu kafin ranar tafiya, kuma na lokacin biki kan ƙare cikin mintuna. A taragon kwana za ka ga iyali tun daga kaka har jika, an shimfiɗa jarida a kan kujera, an buɗe kwanuka: shinkafa mai tsamiya wadda ba ta saurin lalacewa, gurasa, da kwalbar mangwaron nan. Mai shayi na ratsawa yana kira. Wasu Tirupati za su ziyarar wurin bautarsu, Musulmi wasu Ajmer, wasu kuma tsaunukan Ooty ko Araku kawai za su su sha iska, ko bakin teku a Goa. Ma'aikacin gwamnatin tarayya har kuɗin tafiyar hutu ake biya masa shi da iyalinsa lokaci-lokaci. Malamin firamare ma yana tara kuɗi shekara guda don ya kai 'ya'yansa su ga Taj Mahal.

Mu da muke cewa tafiya mabuɗin ilimi, yaushe rabon da mu yi tafiya ba don biki ko ta'aziyya ko asibiti ko fatauci ba? Ka ce wa mahaifinka za ka Yankari ka kwana biyu ka ga giwaye ka yi wanka a ruwan Wikki, tambayar da zai yi maka ita ce wa ya rasu a Bauci. Akwai haifaffun Kano da suka yi furfura ba su hau Dala ba, akwai Katsinawan da ba su taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba. Kuma mu ne jikokin fataken da suka taka har Gwanja neman goro, da alhazan da suka ratsa Sudan a ƙasa. Sai dai ba zan ɗora wa hali laifin duka ba. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, amma mun bar shi ya mutu a hannunmu. Sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka yi murna da shi, an tare shi a watan Maris na 2022. Uban da ke lissafin ko zai isa Birnin Gwari lafiya ba shi ne za ka yi wa wa'azin yawon buɗe ido ba.

Bukukuwansu ba sa ƙirguwa, kuma ni Musulmi ne, abin da ya shafi bautarsu daga nesa nake kallo. Abin da ya ja hankalina shi ne kowane biki da girkinsa, ba a haɗa su. A tsakiyar Janairu, lokacin Sankranti, Haidarabad kan yi fayau saboda kowa ya tafi ƙauyensu, ana zana ƙofar gida da farin gari, ana soya ariselu na garin shinkafa da mazarƙwaila da riɗi. Ranar sabuwar shekararsu ta Ugadi ana haɗa wani abu mai ɗanɗano shida a kwano ɗaya, da tsamiya da mazarƙwaila da ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono da furen darbejiya, wai don a tuna shekara na zuwa da zaƙi da ɗaci. Da Diwali ana jera fitilun aci-balbal na yumɓu a kan katanga, abin gwanin kyau, sai dai hayaƙin wasan wuta kan hana mai asma barci, a Delhi kuwa abin har kotun ƙoli ya kai. Da azumi, unguwannin da ke kewaye da Charminar, ginin tarihi mai hasumiya huɗu a tsohon garin Haidarabad, ba sa barci. Ana dafa halim na alkama da nama da man shanu a manyan tukwane, ƙarti na tuƙa shi da muciya na sa'o'i har naman ya narke, kuma Hindu da Musulmi layi ɗaya suke bi. Ranar Sallah kowane gidan Musulmi sai an yi sheer khurma, siririyar taliya a madara da dabino.

In ana maganar kallo, ban ga abin da ya kama ƙafar Hawan Daushe ba, kuma UNESCO ma ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Dawakanmu da algaitarmu suna nan. Madafin Sallar ne ke ƙanƙancewa. Nakiya da alkaki da dubulan sun koma kayan gara kawai, su ma saye ake yi wajen wata tsohuwa guda a unguwa, yaran gida kuwa kek da cincin suka sani. Halim ɗin Haidarabad tun 2010 aka yi masa rajistar asali, ta yadda ba kowa ne zai dafa abin da ya ga dama ya laƙaba masa sunan garin ba. Nijar ta bi wannan hanya da kilishinta da albasar Galmi. Alkakin Kano da furar Katsina da masar Bauci ma sun isa a tsaya musu haka, kuma a fara da zama gaban tsofaffin da suka iya a rubuta awon da hannunsu ya haddace.