Kuɗin hayar da aka biya hannu da hannu: wa zai tabbatar an biya?

Akwai wani abu da yawancin 'yan haya ba su gane ba sai ranar da rigima ta tashi, wato nauyin tabbatar da biyan kuɗin haya yana wuyan wanda ya biya ne. Mutane suna ɗauka cewa tunda mai gida ne ya kai ƙara, shi ne zai kawo hujja. Amma abin da ake nema daga gare shi kaɗan ne: ya nuna cewa kana zaune a gidansa a kan yarjejeniyar biyan kuɗi kaza, kuma kai da kanka ba za ka musa wannan ba. Da zarar ka buɗe baki ka ce ai ka biya, to kai ne ka zama mai da'awa, kuma kai za a tambaya ina shaidarka. Wanda ya tura kuɗi ta banki yana da bayanin asusunsa. Wanda ya ƙirga tsabar kuɗi ya miƙa a bakin ƙofa ba shi da komai sai abin da ya tanada da hannunsa a wannan ranar.

Na ga wannan a kaina. Shekara uku ina biyan wani dattijo, mutumin kirki wanda bai taɓa cutata ba. Idan na kai masa kuɗin, sai ya ƙirga, ya naɗe su ya sa a aljihu, ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗana." Ni kuma sai in ji nauyin in ce, "Baba, a ɗan rubuta mini." Watanni biyu bayan na biya kuɗin shekara Allah ya yi masa rasuwa, magada suka zauna da littafinsa, ba su ga sunana a biyan ƙarshe ba. Ba su zarge ni da ƙarya ba, amma babban ɗansa ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da wata takarda. Abin da ya cece ni shi ne saƙon waya da dattijon ya aiko mini a daren da na biya, yana cewa ya sake ƙirgawa kuɗin sun cika. Ba dabarata ba ce, sa'a ce kawai.

Daga nan na fahimci cewa kuskure ne a ɗauki neman rasidi a matsayin zargi. Mai gida na iya zama amintacce, amma yana iya mantawa, yana iya rasuwa, yana iya sayar da gidan, kuma wanda zai gaje shi ko ya saya bai san amanar da ke tsakaninku ba. Sabo turken wawa ne, in ji masu iya magana. Ba banza ba ne aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Dokokin zamani ma sun bi wannan hanya: a Ingila dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta wajabta ba da littafin haya ga wanda yake biya mako-mako, a jihar New York ta Amurka kuwa dole ne mai gida ya ba da rubutaccen rasidi idan an biya shi da tsabar kuɗi.

Sai dai ba kowace takarda ce rasidi ba, kuma a nan ne nake ganin aka fi yin asara. Takardar da aka rubuta "na karɓi kuɗin haya" aka sa hannu kawai tana iya zama ta bara ko ta bana. Rasidin da zai tsaya a gaban alƙali shi ne wanda ya faɗi ranar biya, da adadin kuɗin a lambobi da kuma kalmomi domin kada a ƙara ko a goge sifili, da adireshin gidan, da sunan mai biya da na mai karɓa, sannan, wanda ya fi komai muhimmanci, ya bayyana daga wane wata zuwa wane wata kuɗin suka ɗauka. Idan wani ɓangare aka biya, a rubuta cikon da ya rage, in ba haka ba nan gaba za a ce kuɗin da ka kawo na tsohon bashi ne. Idan kuma wakili ko dillali ne yake karɓa, ya kamata ɗan haya ya samu rubutu daga mai gidan kansa cewa ya wakilta wannan mutum, domin kuɗin da aka ba wanda ba a ba shi izini ba ana iya cewa ba su isa ga mai su ba.

Wasu suna dogara da takardar da na'urar cire kuɗi take fitarwa. Tana taimakawa idan ranar da adadin sun dace, amma abin da take nunawa shi ne ka cire kuɗi, ba ta nuna wanda ka ba. Ga shi rubutunta yana goguwa da kansa idan ta daɗe ko ta sha zafi, don haka a ɗauki hotonta tun tana sabuwa. Shaida na mutum ma yana da amfani, musamman wanda ba ɗan'uwanka ba, sai dai bayan shekara biyu zai tuna an ba da kuɗi, ba lallai ya tuna ko nawa ba ne.

Idan mai gida ya ƙi rubutawa, ko ya ce sai wani lokaci, ɗan haya ya zo da tasa takardar a rubuce, kwafi biyu, ya miƙa masa biro. In hakan ma ya gagara, ya aika masa saƙo a ranar, ya ambaci adadin da watannin da aka biya, ya nemi ya amsa ko da kalma ɗaya ce. Wanda ya ƙi sa hannu, ya kuma ƙi amsa saƙo, ni a ganina bai kamata a sake ba shi tsabar kuɗi ba, sai dai ya kawo lambar asusunsa.