Ana taɓa allo gida ya fito, amma makulli fa?

Wani abokina da ya zo Ingila ziyara ya ɗauki hoton wata na'ura a harabar ofishin ƙaramar hukuma, irin mai allon nan da ake taɓawa da yatsa, tsayinta kamar injin cirar kuɗi na banki. Ya ɗora hoton, ya rubuta a ƙasa cewa ku zo ku ga ci gaba, gidan gwamnati ma taɓawa kawai kake yi ka zaɓa. Jama'a suka yi ta "Allah ya kai mu." Ni dai murmushi na yi, don na taɓa tsayuwa gaban irinta kusan awa guda.

Bari in fara da yadda abin yake, saboda waɗanda ba su sani ba. A nan akwai gidajen haya masu rahusa na ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin gidaje da ba riba suka sa a gaba ba. A da, jami'in gidaje ne ke duba jerin sunaye ya ce ga naka, in ka ƙi kuma kana iya komawa baya a layi. Daga 2001 aka fara gwada wani tsari da aka kwaikwayo daga garin Delft na ƙasar Holan: a tallata duk gidan da ya fito, masu rajista su nuna wanda suke so. Sunan da Turawan Ingila suka ba abin a yarensu shi ne tayi, irin na kasuwa, sai dai ba kuɗi ake sawa ba. Abin da kake tayi da shi shi ne tsananin buƙatarka da daɗewarka a layi. A wurare da yawa an kasa mutane rukuni-rukuni, daga A zuwa D. Na'urar an kafa ta ne don wanda ba shi da kwamfuta ko intanet a gida ya samu inda zai yi tayin nan.

Wadda na raka ranar wata dattijuwa ce, Bahaushiyar Sudan, mun saba a masallaci, Inna nake ce mata. Ita da 'yarta da jikoki uku suna cikin ɗaki biyu, bango ya yi baƙi da danshi. Ta ciro wata takarda da ta sha ninki daga cikin jaka, lambar rajistarta ce a jiki. Ta sa yatsa, jajir da lalle, ta danna allon da ƙarfi kamar mai dangwala ƙuri'a. Shiru. Na ce, "Inna, a hankali, shafawa za ki yi." Ta ce, "Ɗan nan, yi mini kawai, ni ban saba gaisawa da gilashi ba."

Gida mai ɗaki uku guda biyu ne suka fito a makon. Ta zaɓi wanda ke kusa da makarantar yaran, har tana tambayata ko kicin ɗin yana da taga. Muka taya. Allon ya nuna matsayinta: mutum ɗari da 'yan kai ne a gabanta. Ta tambaye ni me ya ce, na gaya mata. Sai ta gyara mayafi ta ce, "To, an ce albarka ke nan." A kasuwa in mai kaya ya ce albarka, ƙara tayi kake yi. A nan me za ta ƙara?

Ga inda na tsaya a maganar. Na'urar taga ce, kuma taga ce mai kyau, amma rumbun da take leƙawa ya kusa zama wayam. Iyalai kimanin miliyan 1.3 ne ke cikin jerin masu jira a Ingila kaɗai, sama da iyalai 100,000 kuma suna zaune a masaukin wucin gadi, wasu a otal da yara ƙanana. Ƙasar da a farkon shekarun 1950 ƙananan hukumominta ke gina wajen gida 200,000 a shekara, yanzu sababbin gidaje masu hayar talaka da ake samu a shekara wajen 10,000 ne. Tun da gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar 1980 da ta ba ɗan haya damar sayen gidan hukuma da rangwame, an sayar da kusan miliyan 2, ba a kuwa maye gurbinsu ba. Sikotilan ta soke wannan dama a 2016, Wales ta bi bayanta a 2019. To in an jera na'ura goma a haraba ɗaya, gida biyun nan dai su ne gida biyu.

Kada a ce na zage ta tas, tana da ranarta. Mu da muka taso muna jin labarin yadda aka raba gidajen Shagari, muka ga gidan gwamnati sai mai uwa a gindin murhu, mun san darajar abin da ba ya duba fuska. Allon bai san ɗan wane ba, ba ya karɓar na goro, ba ya cewa je ka dawo oga ya fita. Abin da ya fi burge ni ma shi ne shafin sakamako: bayan an ba da gida, ana nuna rukunin wanda ya samu da lokacin da ya shiga layi, ba tare da suna ba. Wannan shafin shi ne mai amfanin gaske, shi ne kuma aka cusa can ciki inda sai wanda ya sani. Da ni ne, shi zan sa a gaba. Mutum ya ga cewa gida irin wanda yake nema shekaru ake yi ana jira a unguwar nan, ya yanke wa kansa shawara ko ya faɗaɗa nema zuwa wata unguwa, maimakon ya yi ta kallon kitse ga rogo duk mako.

Abin da ya ɓata mini rai dabam ne. Mai wayar zamani da data ba ya zuwa gaban na'urar nan, yana kwance a gado yake tayinsa. Masu zuwa su ne tsofaffi, da masu raunin gani, da waɗanda Turancinsu bai nuna ba, wato daidai mutanen da suka fi buƙatar ɗan Adam ya zauna da su. Amma a ofishin da muka je, tagar ma'aikata huɗu ce, ɗaya ce a buɗe, duk wanda ya matso a nuna masa allo. Kuma a tsaye kake, a fili, na bayanka yana kallon abin da kake rubutawa. Matar da ta gudo daga dukan miji, a nan za ta buɗe bayananta? Ga shi allon ba ya tambaya. Bai tambayi Inna ko ƙaramin jikanta yana tari ba. Wata ma'aikaciya ce da ta zo wucewa, Allah ya saka mata, ta ji muna maganar danshin bango, ta tsaya ta ce a kawo takardar likita da hotunan ɗakin, don hakan na iya sa a sake duba rukuninsu. Minti uku ta yi da mu. Inna ta fi shekara tana tayi ba wanda ya gaya mata wannan.

Af, ga masu cewa Allah ya kai mu: mafi yawan masu zuwa da bizar karatu ko ta aiki ba su da izinin shiga layin ma sam, an rubuta a takardunsu cewa ba su da rabo a tallafin gwamnati.

Inna ta kai takardar likitan, an ce ana dubawa. Ranar Juma'ar da ta wuce ta tare ni a ƙofar masallaci ta ce yanzu ta iya shafa gilashin da kanta, jikarta ta koya mata. Na ce gida nawa suka fito wannan makon? Ta ɗaga yatsa ɗaya.