Ƙannena ma'aikatan jinya, mu duba tsofaffin nan

Ƙannena da kuka fara aiki kwanan nan, maganata a kan tsofaffin da ke yawan dawo mana ce: mai ciwon suga, mai hawan jini, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da mai zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Irin wannan cuta lallaɓa ta ake yi har ƙarshen rayuwa, shi ya sa ake saurin gajiya da masu ita. Ina jin ciwo idan na ji an ce, "Ai tsohon nan ne ya sake dawowa."

Tsoho yana da kunya da kawaici. Dattijo mai shekara 75 ba zai buɗe baki ya gaya wa sa'ar jikarsa cewa fitsari ya kufce masa ba, gara ya kwana a jiƙe. Ke ce za ki lura, ki ja labule, ki ce a hankali, "Sannu Baba, bari mu canza zanin gado." Kada ki ƙwala wa mai jinyarsa kira duk ɗaki na ji. Wallahi akwai wanda tozarcin nan kaɗai ke hana shi sake zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Wanda ba ya iya motsi, a juya shi duk bayan awa biyu. A duba ƙugu da diddige, domin nan gyambon kwanciya ke farawa. Mai suga kuma a duba tsakanin yatsun ƙafarsa, tunda yakan ji rauni bai sani ba. Idan ya fara zufa da rawar jiki yana sambatu, kada a ce rikicin tsufa ne. A gwada sugansa, a tambaya ko ya ci abinci bayan allurar insulin, wadda ke saukar da suga.

Na san halin da ake ciki: nas ɗaya, ɗaki cike, ga aikin dare, ga albashin da ba ya kai wata. Duk da haka tsawa ba ta rage aiki. Allah Ya hana mu ce wa iyayenmu ko da "tir" idan tsufa ya riske su, a Suratul Isra'i aya ta 23. Waɗannan ma iyayen wasu ne, kuma amanarsu tana wuyanmu.

Ranar sallama kada ku miƙa takardar magani kawai. Ku kira ɗansa ko 'yarsa, ku nuna yadda ake juya shi, ku jaddada cewa maganin hawan jini ba a daina sha don ciwon kai ya lafa.