Majalisar da ba mai cewa "ya isa" ba ta daɗewa

Tun daren Alhamis nake haɗiye maganar nan, na ce bari zuciya ta huce tukuna, amma yau da na ji har a ƙofar masallaci bayan la'asar ana cewa wai Malam, shugaban majalisarmu ta Hausawa mazauna Makka, ya ci mutuncin dattijo, wai majalisa ta zama ta mutum ɗaya, wai a sauke shi a ɗora wani mai sanyin hali, sai na ga shirun nawa ya fara zama rashin adalci. Ni ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Ina zaune kusa da yaron da ke zuba shayi, tsakanina da Baban da ake magana a kansa mutum uku ne. Abin da Malam ya yi daidai ne, kuma wallahi tun bara ya kamata a ce ya yi shi.

Ku da kuke ta yaɗa rabin labari ku faɗi ɗaya rabin mana. Sau nawa Malam ya yi masa magana kafin ya ce ya zauna? Sau biyu. Na farko cewa ya yi, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan maganar a ina ka ji ta?" Baba ya ce wani ne ya gaya masa, wanda ya san manya. Na biyu ya ce, "Baba, in babu takarda ko sanarwar hukuma mu ajiye ta zuwa wani satin a bincika." Baba ya ci gaba kamar da bango ake, har ya fara karanto lambar wayar mutumin da wai zai yi wa mutane tasrihin hajji, wato takardar izinin yin hajji, a bayan fage, ya kuma shigar da su Arafa ta hanyar da ba shingen jami'an tsaro, ni da idona na ga samari biyu sun zaro waya suna rubutawa. A nan ne Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa Baba, ba a majalisar nan ba, don Allah ka zauna." Shi ke nan fa abin da ya faru. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba, Baba ne ya naɗe sallayarsa ya yi fushi ya sauka, har Malam ya tura ɗansa ya riƙe masa hannu a matakala.

To wannan ne cin mutuncin?

Mu da muke zaune a Makka ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da hajji ba tasrihi yake jawowa. A hajjin 2024 hukumar lafiya ta ƙasar nan da bakinta ta ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari marasa tasrihi ne, mutanen da suka taka ƙasa mai nisa cikin ranar da ta haura digiri 50, ba tanti ba mota ba inda za su raɓa su sha sanyi. Da yawanmu mun ga masu yawo asibiti-asibiti da hoto a waya suna neman ɗan uwa. Daga 2025 tarar wanda aka kama ta kai har riyal 20,000, wanda ya ɗauko su ko ya ba su masauki har 100,000, ga tarhili, wato a mayar da mutum ƙasarsa, ga hana shigowa shekara 10. Wanda ke da ikama, wato takardar izinin zama, ya san hanya ɗaya ce, manhajar Nusuk ta hukuma, kuma sau ɗaya a shekara biyar. Duk wannan a bayyane yake, amma a ce mutum ya tashi a gaban mutum arba'in yana raba lambar ɗan damfara, shugaban majalisa ya naɗe hannu saboda mai maganar yana da furfura? In aka kwashi yaran nan biyu aka kai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, wa zai je ya gaya wa iyayensu a Kano ko Damagaram cewa a majalisarmu suka samo lambar, kuma muna zaune muna kurɓar shayi?

Abin da nake so ku gane, duk wurin da mutane ke taruwa su yi magana sai da mai cewa ya isa. In babu shi ba wai kowa ne zai samu damar magana ba, a'a, mai ƙarfin murya ne zai cinye wurin, shi da mai yawan lokaci da mai son a san da shi. Masu abin faɗa na gaskiya ba sa kokawar baki, in suka ga hayaniya shiru suke yi, sati biyu uku sai ka ga sun daina zuwa, ba sallama ba faɗa, kuma ba wanda zai lura sai ranar da aka buƙace su.

Kuma mun gani ai, ba misali nake kawowa daga sama ba. Kun manta majalisar da muke yi a Jidda kafin a rushe unguwannin su Karantina da Sabil da Kandara daga ƙarshen 2021? Da yawa suna cewa rusau ne ya kashe ta. Ni na zauna a cikinta shekaru, kuma ina gaya muku ta mutu tun katafila ba ta iso ba. Akwai wani bawan Allah a cikinmu da ya yi shekaru yana bin takardun mutane a jawazat, ofishin fasfo da ikama, in ka kawo masa matsalar hurub, wato ƙarar cewa ma'aikaci ya gudu, ko canjin kafili, wato ubangidan da ya tsaya wa ikamarka, zai zauna ya warware maka ita dalla-dalla, ya gaya maka wadda za ta yiwu da wadda kada ka ɓata kuɗinka. Akwai wani ma'aikacin jinya da ke duba wa tsofaffi takardar magani. Sai aka samu mutum uku huɗu da suka mai da wurin filin musu, yau siyasar gida, gobe wane malami ya fi wane, jibi Izala da ɗariƙa, a fara bayan isha'i har ɗayan dare ba a tsinana komai ba, mai riƙon wurin kuma mutumin kirki ne mai kunya, kullum sai dai ya ce a yi haƙuri a yi haƙuri. Mai bin takardun ya fara zuwa sati ɗaya ya tsallake biyu, daga baya ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Na haɗu da shi na tambaye shi, ya ce, "Ɗan uwa, na baro iyalina na biya kuɗin mota na zo, in buɗe baki a katse ni da labarin zaɓe, me zan zo yi?" Ranar da aka rasa wata baiwar Allah ba ta da kowa, aka zo neman wanda ya san yadda ake fitar da gawa daga asibiti, duk masu musun nan ba wanda ya san ƙofar da ake shiga.

Shi ya sa in na ji ana cewa ai kowa yana da haƙƙin ya faɗi ra'ayinsa sai raina ya ɓaci. Ra'ayi daban, labarin ƙanzon kurege daban. Ka ce kai a ganinka a ƙara kuɗin asusu ko a rage, wannan ra'ayi ne, faɗi mu ji. Ka ce an kusa yin afuwa ga marasa ikama, wannan labari ne, ko dai gaskiya ko ƙarya, kuma akwai mai sayar da ɗan abin da ya tara saboda ya ji daga bakinka. Afuwar gaskiya ba a ɓoye take zuwa ba. Ta 2013 da aka ba da lokacin gyara takardu kowa ya ji ta, ta 2017 da aka ba da kwana 90 mutum ya fita ba tara ita ma a jaridu da talabijin aka sanar. Amma duk shekara sai wani ya zo mana da afuwar da shi kaɗai ya sani, shi da wanda ya gaya masa. Sau nawa za a yi mana haka kafin kan mage ya waye?

Masu cewa ai babba ne, ni ma na san babba ne, ya girmi mahaifina, kuma gobe in na gan shi zan durƙusa in gaishe shi kamar kullum. Girma ba ya mai da jita-jita gaskiya. Masu cewa da sai a bari a tashi a ja shi gefe, haba jama'a, lambar fa a bainar jama'a ake karanta ta, in an ja shi gefe bayan an watse wa zai bi samarin nan gida ya goge musu? Magana zarar bunu ce. Masu cewa Malam yana da mutanensa da ba ya katsewa, to ku kawo rana da maganar, ni ma zan tsaya tare da ku, don sati uku da suka wuce ni kaina ya katse ni da na ɗauko zancen da ba shi ake yi ba, na ji zafi a lokacin, na koma gida na ga gaskiyarsa.

Kuma don Allah mu daina yi kamar wannan wani baƙon abu ne da aka ƙirƙiro. Suratul Mujadala aya ta 11 a kan zaman majalisa ta sauka, in an ce ku buɗa ku buɗa, in an ce ku tashi ku tashi. Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani. Hadisi ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Imamu Malik a Madina, da wani ya zo majalisarsa da tambayar neman fitina, amsa ya ba shi a taƙaice sannan ya sa aka fitar da shi. Mu da muke tinƙaho da mazhabarsa mu ne za mu ce an yi kama-karya don an ce wa mutum ya zauna?

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa, ni zan faɗa. Nan ba gida ba ne. Mu baƙi ne, har waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa ta Sudan suka haye ta Sawakin, da yawa har yau da ikama suke zaune. Wanda ya ba mu saman benensa muke taruwa, sunansa ne a takardar haya, in wani abu ya taso ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Ga masu ɗaukar murya a waya su tura, ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2007, ɓata sunan mutum kaɗai yana iya kai ka ɗaurin shekara ɗaya ko tarar riyal 500,000. Mutum ya zo ya saki baki ya kama gabansa, ya bar mai gida da shugaba da zullumi. In Malam ya ce ya isa, har da kai mai jin haushin yake karewa.

Ni abin da ya fi ci mini rai ma shi ne ba wanda ke tambayar me Malam yake samu. Ko halala ɗaya, wato ko ƙwandala. Shi ke kiran mutane ɗaya bayan ɗaya ranar Laraba, shi ke riƙe littafin asusu, in an yi rasuwa shi ke tsaye daga wanka har maƙabartar Shara'i, in biyu sun saɓa shi ke bin su gida-gida. Tela ne, da allura yake ci, duk daren Alhamis yana rufe shago da wuri alhali lokacin ne ciniki. Shekara da shekaru ba wanda ya tashi ya ce a yi masa addu'a ta musamman, amma rana ɗaya ya ce wa mutum zauna, har an fara lissafin wanda zai gaje shi. To ku sauke shi ku ɗora mai kunya, ina nan, ba za a yi Ramadan biyu ba sai kun nemi masu ilimin cikinku kun rasa, ku rage ku da masu musu da flas ɗin shayi.

In gyara ake so ga gyara, a rubuta ƙa'ida a karanta kowa ya ji, labarin hukuma sai da sanarwa, ba tallan dillali, ba zagin malamin kowa, wanda aka ba dama ya gama kafin wani ya karɓa. A samu mutum biyu su taya Malam don kada kullum bakinsa kaɗai ake gani. Kuma a je a ba Baba haƙuri a dawo da shi, ni zan raka, wurinsa na jikin bango yana nan. Amma lambar nan ba za a sake karanta ta ba.

Tunda na ambaci sanarwa, akwai abin da ya tsaya mini tun daren. Yaron nan haifaffen unguwar Misfala da Malam ya sa ya karanta mana sanarwar hajji daga wayarsa ya fassara, Larabcin ya zubo kamar ruwa, da ya zo Hausar sai ya riƙa tuntuɓe, ya ce "mota" da "shi", ya rasa yadda ake cewa tara sai da ya ce garama, wasu suka kwashe da dariya. Na ga yadda ya sunkuyar da kai ya mayar da wayar aljihu. Wallahi ban ji daɗi ba. Yaran nan a makaranta Larabci, a titi Larabci, Hausar da ta rage musu ta kicin ce da ta gaisuwa, wanda ya yi ƙarfin halin tsayawa gaban manya ya gwada kuma mu yi masa dariya, gobe ba zai sake ba. Ni nawa biyun ma haka suke, ƙaramar in kakarta ta kira daga gida sai dai ta yi ta cewa na'am na'am ta miƙo mini wayar. Duk wanda yake da mai zuwa umara kwanan nan don Allah ya yi mini magana, ina son a taho mini da littattafan koyon karatun Hausa na 'yan firamare ko guda biyar ne, zan biya kuɗin da na kaya.